Malam Inuwa a Rumbu Guda

Shekara ashirin da shida ina rajista,
ɗakin ƙarshe bayan matakala a Sakatariya,
inda gara ta fi kowa sanin sirrin gwamnati.
Igiyar ɗaure fayil ta yi mini kanta a yatsa.

Bana aka kawo mana na'ura.
Aka ce kowace takarda a ɗauki hotonta a zuba rumbu guda,
Ilimi ta buɗe, Fansho ta buɗe,
Baitulmali ta leƙa ba sai ta tashi masinja ba.
A baki na ce to.
A zuci na ce mu je zuwa.

Wata Talata wuta ta zo da wuri,
hannuna ya faɗa kan Malam Inuwa Ɗandago,
malamin lissafi, shekara talatin da biyar da alli.
A wurinmu an haife shi a hamsin da tara.
A Fansho, sittin da ɗaya.
Baitulmali kuwa ta binne shi tun bara waccan:
jan biro, layi ɗaya a kan suna,
alhali Inuwan da ya rasu direba ne, ɗan Kurna.

Na san fuskar.
Wata goma sha tara yana saukowa daga Adaidaita,
takardu a baƙar leda, hula a gwiwa, a bencin ƙofarmu.
Mu ce masa Fansho, Fansho ta ce Baitulmali,
can a ce fayil na teburin oga, oga ya tafi taro.
Ni ma da bakina na ce masa
ya dawo mako mai zuwa.
Sau uku.

Da yatsa biyu na rubuta a gefen allo:
Mutumin nan yana da rai, na gan shi jiya.

Kafin azahar wata Lantana ta amsa daga Fansho.
Ban taɓa ganinta ba, suna ce kawai a kusurwar allo.
Ta ɗora takardar kama aikinsa, ta yi ja don tsufa,
da shaidar mutuwar direba, lamba daban, uba daban.
Tasi'u na Baitulmali ya ce ya gani,
amma ta da matacce ba huruminsa ba ne,
sai darakta ya sa hannu.
Sai sabis ya ɗauke.
Janareta ba mai.
Muka kwana da gawa a ma'aikata ɗaya, rayayye a biyu.

Akwai masu jin haushin rumbun nan, na san dalili.
Takarda ba ta faɗin wanda ya danne ta.
Wannan kuwa yana ajiye sawu:
wane ya buɗe, ƙarfe kaza, ya rufe bai taɓa komai ba.
Har nawa sawun yana ciki.

Alhamis darakta ya danna.
Jan layi ya gushe a wuri uku lokaci guda,
ba wanda ya tsallaka titi, ba wanda ya sayi goro.

Da Malam ya zo na juya masa allon.
Ya sa tabarau, ya daɗe yana bi da yatsa.
Ya ce, wa zan yi wa godiya?
Na rasa ofishin da zan nuna masa.

Har ya kai ƙofa ya waiwayo:
Yaro, tunda kun fara magana da juna,
ku gaya wa 'yan uwanka sittin ne cif.
Ku duka kun faɗi lissafin.

Na koma kujera na kira Lantana.
A bayana fayil dubu huɗu suna jira,
kowane da igiyarsa a wuya.